Ɗakin 'yan'uwa Wright a gidan tarihin Smithsonian, da gardamar wanda ya fara tashi da jirgi mai inji

Duk wanda gardamar nan ta wanda ya fara tashi da jirgin sama mai inji ta taɓa tsaya masa a rai, idan Allah ya kai shi birnin Washington, ya ware rabin yini ya shiga National Air and Space Museum, gidan tarihin jiragen sama na cibiyar Smithsonian. Ainihin jirgin da Wilbur Wright da ƙanensa Orville suka tashi da shi ranar 17 ga Disamba 1903 yana can a ajiye, kuma ba a biyan ko sisi a ƙofa. A ganinmu babu inda mutum zai auna wannan gardama da idonsa kamar nan. Sai dai tun kafin a shiga, a sani cewa gidan yana da hannu dumu-dumu a cikin rigimar. Shekara 28 ya yi yana ba wani mutum dabam wannan girma, daga baya kuma ya sa hannu a wata takarda da ta hana shi sake ba kowa. Wanda ya shiga da wannan a ransa zai ƙaru ƙwarai. Wanda ya tsaya ga karanta allunan bango kawai, rabin labari zai fito da shi.

Gidan yana kan titin Independence, tsakanin ginin majalisar dokoki da doguwar hasumiyar Washington, titi ɗaya da ginin da Muryar Amurka ta daɗe tana aiki a ciki. Tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa mafi kusa ita ce L'Enfant Plaza, daga nan tafiyar ƙafa ce ta 'yan mintuna. Ana buɗewa ƙarfe 10 na safe a rufe 5:30 na yamma, kullum, ban da 25 ga Disamba da kuma lokutan da rikicin kasafin kuɗi ya sa gwamnatin tarayya ta rufe ma'aikatunta. Tun da aka sake buɗe shi ranar 14 ga Oktoba 2022, bayan babban gyaran da aka fara a 2018, ba a shiga sai da tikiti mai ɗauke da lokacin shiga. Tikitin kyauta ne, a shafinsu na intanet ake cire shi, kuma nan baƙi suka fi yin tuntuɓe: mutum ya ji an ce kyauta, ya taso haka nan, ya tarar na ranar sun ƙare. A cire tun da sauran makonni. Idan an makara, akan saki kaɗan da safiyar ranar, amma nan da nan ake wawashe su. Daga Maris zuwa Yuni 'yan makaranta ne ke cika wurin, mota-mota, saboda haka a nemi tikitin ƙarfe 10, a wuce ɗakin Wright kai tsaye kafin hayaniya ta kankama. Ana binciken jaka a ƙofa. An yarda a ɗauki hoto, amma ba a kafa wa kyamara ƙafa.

Babban abin da za a yaba wa gidan shi ne sauko da jirgin ƙasa. Shekaru da yawa yana rataye a sama, ba abin da ake gani sai cikinsa. Tun 2003 aka ajiye shi daidai idon mutum, ana iya zagaya shi. Akwai shinge, ba a matsawa kusa sosai, don haka wanda ke son bin wayoyin ɗaya bayan ɗaya ya zo da ƙaramin madubin hangen nesa ko kyamara mai jawo abu kusa. Wayoyin nan kuwa su ne hujjar gaba ɗaya.

A fara daga gaba, idan an gane ina ne gaban, domin ƙananan fukafukan da aka saba gani a wutsiyar jirgi a nan gaba suke, guda biyu, ɗaya bisa ɗaya. Su ke ɗaga hancin jirgin su sauke shi, da wani ɗan sanda da matuƙi ke riƙewa da hannun hagu. Nan ne babban aibin jirgin yake. An rataye su kusa da tsakiyarsu, ta yadda da an ɗan taɓa sandan sai iska ta ƙarasa juya su fiye da yadda ake so. Orville da kansa ya rubuta haka a littafin ajiyarsa na wannan rana. Shi ya sa tashin farko ya kasance sama-ƙasa, sama-ƙasa, kuma shi ya sa na huɗu ya ƙare da dukan ƙasa har katakon gaban ya karye.

Daga nan a dubi mutum-mutumin Orville da ke kwance rub da ciki a kan fiffiken ƙasa. Ƙugunsa yana cikin wani ɗan katako da ya rungume shi ta gefe biyu, kuma katakon yana zamewa hagu da dama. A bi wayar da ta fita daga jikinsa har ƙarshen fukafukan. Idan matuƙi ya tura ƙugu gefe ɗaya, wayar tana murɗa bakin baya na fukafukan: na gefe ɗaya ya sunkuya, na ɗaya gefen ya ɗaga. Gefen da ya sunkuya ya fi kama iska, sai ya tashi, jirgin ya karkata. Amma gefen da ya fi kama iska shi ne kuma iska ta fi ja baya, sai hancin jirgin ya juya inda ba a nufa ba. Wannan ya wahalar da su a gwaje-gwajensu da jirage marasa inji a 1901 da 1902, har jirgin yakan juya ya kafa fiffike a yashi. A Oktoban 1902 suka mai da wutsiyar tsaye ta zama mai motsi, suka haɗa wayarta da wayar murɗa fiffike, don duk lokacin da aka karkata jirgin wutsiyar ta gyara hancin da kanta. A koma bayan jirgin a ga wannan haɗin. Hanci sama da ƙasa, karkata hagu da dama, juya kai: hanyoyi uku ke nan, kowacce da abin sarrafa ta, kuma a kansu kowane jirgi mai fiffike yake tafiya har yau. Takardar mallakar fasaha da suka nema a Maris 1903, aka ba su ranar 22 ga Mayu 1906, a kan wannan tsari take, ba ta dogara da inji ba sam.

Faɗin jirgin daga ƙarshen fiffike zuwa ƙarshe mita 12.3 ne, tsawonsa mita 6.4, nauyinsa kilo 274 ba matuƙi. Fiffiken dama ya fi na hagu tsawo da santimita 10, kuma da gangan aka yi: injin yana dama da tsakiya, matuƙi yana hagu, injin kuma ya fi mutum nauyi. Ƙarshen fukafukan sun ɗan rusuna ƙasa, don kada iskar gefe ta riƙa ɗaga su. Yadin farar auduga ce marar rini, irin akoko, ba a shafa masa komai ba, kuma an yanka shi a karkace yadda zarensa ke ratsa haƙarƙarin fiffiken ta kusurwa. Wannan ɗinkin shi ke riƙe fiffiken kada ya goce, amma ya bar shi ya murɗu.

Injin ya cancanci a tsaya a kansa. Makanikin shagon kekensu, Charlie Taylor, shi ya ƙera shi cikin mako shida bayan kamfanonin mota sun kasa ba su mai sauƙin nauyin da suke so. Silinda huɗu ne a kwance, gangar jikinsa ta alminiyam, ƙarfin doki 12. Ba kafireta, ba famfon mai, ba fulogi, ba totur. Fetur yana gangarowa da kansa daga wani ɗan tanki da aka rataye a sandar fiffike, ya ɗiga a wani faranti mai zafi ya zama tururi, iska ta kwashe shi zuwa silinda. Wuta kuma daga wasu ƙarafa biyu take fitowa a cikin silindar, suna haɗuwa suna rabuwa. Da sanyinsa yakan ba da kusan doki 16, da ya yi zafi sai iskar da yake shaƙa ta yi zafi ita ma, ƙarfin ya sauka zuwa 12. Sarƙoƙi biyu ke kai ƙarfin ga farfela biyu da ke baya, kowacce mita 2.6. A duba da kyau, sarƙa ɗaya an gicciya ta, don farfelun su juya saɓanin juna, kada su murɗe jirgin gefe guda. Sandunan da farfelun ke juyawa a kai su suka cinye musu watan Nuwamba: na bututu ne, injin yana fizga, suka lalace ranar 5 ga wata, aka gyara, suka sake tsagewa ranar 28. Sai da Orville ya koma garinsu Dayton da kansa ya dawo da na ƙarfe curarre ranar 11 ga Disamba.

Mai ziyara ya san kuma cewa ba duk abin da yake gani ne ya tashi a 1903 ba. Bayan tashi na huɗu iska ta kifar da jirgin ta yi ta mirgina shi, haƙarƙari suka karye, gangar injin ta fashe, kuma bai ƙara tashi ba. Ambaliyar Dayton ta 1913 ta same shi a cikin akwatuna. An gyara shi a 1916 don nuni, Orville ya sa an sake masa yadi a 1927, gidan tarihin ya sake wani a 1985. Fasasshiyar gangar injin ta asali tana wurin tunawa da su a Kill Devil Hills, jihar Carolina ta Arewa, inda suka yi tashin na 1903. Mafi yawan katakon dai na asali ne. Akwai kuma kwaikwayon jiragensu marasa inji a ɗakin, da wani keke na ainihi ƙirar shagonsu, ɗaya daga cikin 'yan ƙalilan da suka rage a duniya.

To, me ya faru a ranar? Sau huɗu aka tashi, daga fili shimfiɗaɗɗe, a kan wani layin katako mai mita 18 da aka shimfiɗa a yashi. Orville ya fara da ƙarfe 10:35, mita 37 cikin daƙiƙa 12. Wilbur ya yi kimanin mita 53, Orville ya yi 61, sai Wilbur ya rufe da mita 260 cikin daƙiƙa 59. Mutum biyar suka shaida, uku daga cikinsu ma'aikatan tashar ceton mutane a teku ne, kuma ɗayansu, John T. Daniels, shi ya danna kyamarar da Orville ya saita. Iska tana bugowa ta gaba da gudun kilomita 32 zuwa 43 a awa, ga sanyi har kududdufai sun daskare. Wannan ba ƙaramin taimako ba ne. Jirgin yana buƙatar iska ta ratsa fiffikensa da gudun kusan kilomita 48 a awa, alhali a tashin farko gudunsa a kan ƙasa bai wuce 11 ba. Sauran duk iskar Allah ce ta cike. Iska mai sanyi a bakin teku kuma ta fi kauri, fiffike da farfela da inji duk sun fi samun abin kamawa. Da aka zo bikin cika shekara 100, ranar 17 ga Disamba 2003, kwaikwayon jirgin da aka ƙera da matuƙar kulawa ya kasa tashi a gaban jama'a, saboda ruwan sama da raunin iska, duk da cewa ya tashi a gwajin makonnin baya. Masu musu suna yawan kawo wannan. Abin da ya nuna shi ne jirgin 1903 ƙarfinsa daidai wa daida ne, ba rara, kuma su kansu masu shi sun san haka.

Hujjar mutanen Birazil ita ta fi kowacce nauyi, kuma ba daidai ba ne a yi mata riƙon wasa. Ɗan ƙasarsu Alberto Santos-Dumont, wanda suke cewa shi ne na farko, ya tashi da jirginsa 14-bis a filin Bagatelle na Paris ranar 23 ga Oktoba 1906, kimanin mita 60, sannan ranar 12 ga Nuwamba ya yi mita 220 cikin daƙiƙa 21 da rabi. A kan tayoyinsa ya taso, da injin Antoinette mai doki 50, a gaban taron jama'a da alƙalan ƙungiyar masu harkar jirage ta Faransa riƙe da agogo. Hukumar wasannin sama ta duniya, wadda aka kafa a 1905, tashin Nuwamban nan ne ta fara rubutawa a kundinta na jirage masu fiffike. Su kuwa 'yan Wright a ɓoye suke aiki. Da suka gayyaci 'yan jarida a Mayun 1904 jirgin bai yi abin kirki ba. Daga Oktoban 1905 zuwa Mayun 1908 ba su tashi ko sau ɗaya ba, suna neman mai sayen fasaharsu. Shahararren hoton nan na Daniels ma sai a 1908 aka buga shi. Duk wannan gaskiya ne. Bafaranshen da ya yi shakkar su a 1906 yana da dalilinsa, kuma har yanzu Birazil ba ta janye ba, shi ya sa aka ga kwaikwayon 14-bis a bikin buɗe gasar Olamfik ta Rio a 2016.

Inda hujjar ta karye shi ne maganar cewa wai cilla jirgin Wright aka yi. A leƙa ƙarƙashin jirgin da ke ɗakin: ba taya, sai katako biyu na zamiya. A 1903 ɗora shi aka yi a kan wani ɗan katako mai ƙananan gargare a bisa layin, igiya ta riƙe shi, aka saki igiyar, farfela ta tura shi. Na'urar cillawar, wato hasumiyar katako da ake sako nauyi daga samanta ya ja igiya, sai a Satumban 1904 suka fara amfani da ita a filin Huffman kusa da Dayton, domin can iska ba ta da ƙarfi, filin ƙarami ne, ƙasar kuma duk tudu da kwari. Na'urar tana rage tsawon gudun farko ne kawai. Ba ta iya riƙe jirgi a sama minti 39, kuma abin da Wilbur ya yi ke nan ranar 5 ga Oktoba 1905: kilomita 39, yana ta zagaya filin har mai ya ƙare. Shekara guda ke nan kafin mita 60 na Bagatelle. Zagaye na farko cikakke tun 20 ga Satumba 1904 suka yi shi, a gaban wani mai sana'ar zuma, Amos Root, wanda ya buga abin da ya gani a mujallarsa ta masu kiwon zuma a Janairun 1905. A 1906 mujallar Scientific American ta aika wa shaidu 17 tambayoyi kan tashin 1905, mutum 11 suka amsa suka tabbatar. Shi kuwa 14-bis bai taɓa juyawa a sama ya dawo ba, miƙe yake tafiya, kuma ya faɗi ya lalace a Afrilun 1907. A duk Turai ba wanda ya wuce minti ɗaya a sama sai Henri Farman a Nuwamban 1907. Da Wilbur ya tashi kusa da Le Mans ranar 8 ga Agusta 1908 yana karkata jirgi yadda ya ga dama, matuƙan Faransa da suka yi ta musu su suka fara sallamawa.

Wannan bai rage wa Santos-Dumont komai ba a wurinmu. Shi ya fara tashi a Turai a bainar jama'a aka auna aka rubuta, shi ya zagaya hasumiyar Eiffel da balan-balan mai inji a 1901, kuma ya saki zanen ƙaramin jirginsa Demoiselle kyauta ga duk mai son ƙerawa, a lokacin da 'yan Wright ke ta kai mutane kotu.

Abin da gidan tarihin ya fi jin nauyinsa shi ne tarihin kansa. Shugaban Smithsonian na wancan lokaci, Samuel Langley, ya karɓi dala 50,000 daga ma'aikatar yaƙi don ƙera jirgi mai ɗaukar mutum. Injinsa mai doki 52 ya fi na Wright nesa ba kusa ba. Sau biyu aka cilla shi daga saman wani jirgin ruwa a kogin Potomac, 7 ga Oktoba da 8 ga Disamba 1903, sau biyu yana faɗawa ruwa da matuƙinsa Charles Manly. Na biyun kwana tara ne kafin 'yan Wright su tashi, su da duk abin da suka kashe bai kai dala 1,000 ba. A 1914, bayan kotu ta ba Wright gaskiya a shari'arsu da maƙerin jirage Glenn Curtiss, Smithsonian ta miƙa wa Curtiss ɗin tarkacen jirgin Langley. Ya ƙarfafa fukafukan, ya canza lanƙwasarsu, ya sa masa abin yawo a ruwa, ya ɗan ɗaga shi na daƙiƙoƙi a tafkin Keuka. Sai aka mai da jirgin kamanninsa na 1903, aka kafa shi da allo mai cewa shi ne jirgi na farko a duniya da ke da ikon tashi da mutum. Wilbur ya riga ya rasu tun 1912. Orville ya yi ta ƙorafi ba a saurare shi ba, a 1928 ya tattara jirginsu ya aika gidan tarihin kimiyya na Landan. Sai a 1942 shugaban cibiyar, Charles Abbot, ya wallafa jerin canje-canje 35 da Curtiss ya yi, ya janye maganar. Orville ya rasu a Janairun 1948, jirgin ya dawo gida aka kafa shi ranar 17 ga Disamba na shekarar.

Magadansa dala ɗaya suka karɓa, amma da sharaɗi a rubuce: idan Smithsonian ta taɓa buga wata magana ko ta kafa allo cewa wani jirgi da ya riga na 1903 yana da ikon ɗaukar mutum da ƙarfin injinsa cikin sarrafawa, magada suna da damar karɓe jirginsu. Wanda ya san labarin Langley zai gane daga inda sharaɗin ya fito. Duk da haka sharaɗin yana nan, kuma bai dace da gidan bincike ba. A ra'ayinmu kamata ya yi kwafin takardar ya kasance abu na farko da mai shiga ɗakin zai ci karo da shi, da manyan baƙaƙe. Maganin wannan ga mai ziyara shi ne kada ya jingina da allon gidan. Littattafan ajiyar 'yan'uwan, wasiƙunsu da abokinsu injiniya Octave Chanute, lissafin akwatin gwajin iskar da suka auna siffofin fiffike kusan 200 a ƙarshen 1901, da gilasan hotunansu, suna ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka, wanda ba ya ƙarƙashin Smithsonian, kuma an ɗora da yawansu a intanet.

Magoya bayan Gustave Whitehead su suka tono wannan takarda a shekarun 1970, kuma ita ce makaminsu. Whitehead Bajamushe ne mazaunin jihar Connecticut. Wata jaridar mako-mako ta Bridgeport ta buga ranar 18 ga Agusta 1901, a shafi na 5, cewa kwana huɗu kafin nan ya yi tafiyar kusan mita 800 a sama da jirginsa mai lamba 21, har ya kauce wa wasu itatuwa ta hanyar karkata jikinsa. Zane aka sa, ba hoto. Cikin shaidu biyu da jaridar ta ambata, James Dickie ya ce daga baya bai je wurin ba kuma bai yarda an tashi ba. Sauran shaidun sai bayan fiye da shekara 30 aka tattara rantsuwarsu. Maganar ta sake tashi a 2013, da editan kundin jirage na shekara-shekara na Jane's ya goyi bayanta, jihar Connecticut kuma ta yi doka a kai. Dishi-dishin hoton da aka kafa hujja da shi, masu bincike sun nuna na wani jirgi ne marar inji na John Montgomery, kuma kamfanin Jane's ya ce ra'ayin editan ne shi kaɗai. Kwaikwayon da aka tashi da shi a 1986 injin zamani aka sa masa, saboda haka bai ce komai ba game da injin 1901. Abin da ya fi damun mu shi ne mutumin ya rayu har 1927, ya kuma yi shekaru yana ƙera injuna da jirage, amma bai taɓa maimaita abin a gaban kowa ba. Wanda ya iya mita 800 a 1901 ba ya rasa mita 100 a 1908.

Clément Ader na Faransa maganarsa dabam ce. Yawancin masana sun yarda cewa ranar 9 ga Oktoba 1890 jirginsa Éole mai injin tururi ya rabu da ƙasa kamar taƙi guda, ya yi kimanin mita 50. Idan ma'aunin shi ne kawai inji ya ɗaga mutum daga shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, to Ader ya riga kowa da shekara 13, a faɗi haka ba kwana-kwana. Amma ba shi da hanyar sarrafa shi, kuma mita 300 da ya ce ya yi a 1897 rahoton sojan da aka saki a 1910 ya ƙaryata. Karl Jatho ya yi tsallen mita 18 a Hanover a Agustan 1903. Richard Pearse na New Zealand, wanda mutanen ƙasarsa ke cewa ya tashi a Maris 1903, shi da hannunsa ya rubuta wa jaridu a 1915 da 1928 cewa a 1904 ya fara, kuma ya ba 'yan Wright girman.

Ɗakin Wright labarin Wright yake bayarwa, kada a shiga da tsammanin za a baje waɗannan mutane a auna su ɗaya bayan ɗaya. Nan ne ya gaza. Rauni na biyu shi ne hasken duk yana kan daƙiƙa 12 na farko, alhali su ne mafi raunin hujja. Da a nan aka tsaya, da tazarar da ke tsakaninsu da Jatho ko Ader ba ta taka kara ta karya ba. Daƙiƙa 59 na Wilbur, da 1904, da 1905, su ne suka raba gardama, kuma jirgin 1905 ɗin ba ya nan, yana Carillon Park a Dayton. Ɗakin da ke kusa, na jiragen farko-farko, yana ɗan cike giɓin: akwai jirgin da 'yan Wright suka sayar wa sojan Amurka a 1909, akwai jirgin Faransa Blériot XI, akwai kuma ainihin jirgi marar inji na Bajamushe Otto Lilienthal na 1894, wanda matuƙi ke sarrafawa da lilo da ƙafafunsa. A tsaya a gabansa a kwatanta da katakon ƙugun Orville, za a ga dalilin da karkata jiki ba ya isa da zarar jirgi ya yi girma da nauyi. Masu tuna Abbas ɗan Firnas na Ƙurɗuba a ƙarni na 9, wannan layin ne nasa, na fiffike ba inji, don haka ba ya cikin wannan shari'a.

Ziyarar ba ta cika sai an ga jirgin Langley, shi kuma yana reshen gidan da ake kira Udvar-Hazy, a Chantilly ta jihar Virginia, kusa da filin jirgin sama na Dulles. Can ba a buƙatar tikiti, kuɗin ajiye mota kawai ake biya. Yana rataye a siffarsa ta 1903: fukafukai biyu a gaba, biyu a baya, sirara ƙwarai in an gwada da faɗinsu, ba taya, ba katakon zamiya, ba abin da zai sauka a kai ko da ya tashi, kuma ba wata waya da ke karkata shi hagu ko dama. Wanda ya bi wayoyin jirgin Wright da safe zai lura da rashinsu nan take. Marar mota ya hau jirgin layin Silver daga L'Enfant Plaza zuwa tashar Innovation Center, daga nan ya shiga bas mai lamba 983. Tafiyar ta fi awa ɗaya, can ma 5:30 ake rufewa, saboda haka a bar cikin gari kafin ƙarfe 1 na rana.